Hannun da Ya Taɓa Ƙyaure

Masu riƙe da labarin Birnin Kuryanga sun ce Sarki Hankurau ya rasu ne a farkon damina, wata yana jinjiri. Da ajalinsa ya jinkirta zuwa ƙarshen watan, da yau ba ni da labarin da zan ba ku, da kuma raina bai riƙa ɓaci ba duk sanda na tuna Kaura Barmo.

Ga yadda abin yake. A Kuryanga in sarki ya rasu, sai a wangale Ƙofar Yamma a bar ta haka dare da rana, har sai an ga sabon wata. Wai ta nan kurwar sarki take fita, in ta tarar da ƙyaure a rufe sai ta juyo ta zauna wa gari. Ba a naɗa sabon sarki sai an ga watan. Wanda duk hannunsa ya taɓa ƙyauren nan kafin lokaci, ba a kashe shi, ba a ɗaure shi, ba a kore shi. Ina ma kisan ake yi! Juya masa baya ake yi, shi da gidansa. Ba a gaishe shi, in ya yi gaisuwa ba a amsawa. Ba a sa hannu a akushi ɗaya da shi, ba a ɗibar wuta a gidansa. Matarsa ta haihu, ba mai zuwa barka. In an yi masa mutuwa, ba mai kama masa makara, ba mai haƙa masa kabari. Tsofaffi suna ba da labarin wani mai gadin ƙofa a zamanin kakanni da ya tura ƙyauren don tsoron kura. Ya tsufa a cikin garin nan yana yawo a kasuwa, yana hira da jakunan mutane, don su ne kaɗai ba sa kau da kai. Kowane yaro a Kuryanga da labarin mutumin nan aka yaye shi.

To, ana cikin zaman makoki, wata rana da hantsi sai ga manzon Maigarin Iyaka ya faɗo ƙofar gidan Kaura Barmo, shugaban yaƙin Kuryanga, dokinsa yana kumfa. Ya zube ya ce, "Ranka ya daɗe, Sarkin Bulkwai ya taso. Na ga rundunarsa da idona tana ƙetare gulbi, ban ga ƙarshenta ba. Ba su ɗauko tsani ba, ba su ɗauko guzurin zama ba. Suna tafe suna waƙa wai Kuryanga ta buɗe musu ƙofa da kanta."

Kaura ya shiga lissafi. Sarakunan Bulkwai na da, ko ana tsakiyar gaba, sukan ɗaga wa Kuryanga ƙafa a kwanakin makoki. Wannan na yanzu ba ruwansa. Kaura ya san yawan mutanensa, rabi suna gonaki ana shuka. Ya san kuma ganuwar Kuryanga ba a taɓa hawanta ba. In ƙofa tana rufe, Bulkwai sai dai su gaji su koma. In tana buɗe, to sai abin da Allah ya yi.

Bai tafi fada kai tsaye ba, don ba yaro ba ne. Ya bi manya gida gida tukuna.

Ya fara da Galadima Cindo, wanda yake riƙe da gari kafin a naɗa sarki. Galadima ya kore barori daga zaure, ya matso, ya rage murya. "Kaura, tsakanina da kai, wace kurwa ce ƙyaure zai tare? Abin da ya fita daga jikin mutum bai nemi ƙofa ba. Ka kawo maganar a majalisa. In ka faɗa, ina bayanka."

Ya je wurin Liman Yahuza. Liman ya rufe littafinsa ya ce, "Wallahi ba ta cikin littafi, Kaura. Na duba, babu. Kare rayuka shi ne wajibi. Kai dai ka buɗe baki, zan ɗora."

Ya je wurin Yerima Arzika, babban ɗan marigayi, wanda kowa yake sa ran shi za a naɗa. Yerima har da kama hannunsa. "Baba Kaura, in gari ya ci wuta, sarautar me zan yi? Mahaifina da kansa dariya yake yi wa abin nan. A rufe ta."

Mutum ɗaya ne Kaura bai je wurinta ba, Magajiya Shekara, yayar marigayi Sarki, wadda al'adun gidan sarauta suke hannunta. Ita ce ta tsaya a bakin ƙofa ranar da aka wangale ta. Kaura ya ce a ransa, ina amfanin roƙon mai abu ta zubar da abinta? Kowa a garin haka yake tsammani game da ita.

Da la'asar aka buga tambari, majalisa ta cika a soron fada. Karagar sarki tana nan ba kowa, an lulluɓe ta da farin zane. Galadima ya zauna a gindinta, Magajiya a gefe bisa buzu, fadawa da masu unguwanni sun cika har bakin ƙofa. Manzo ya sake faɗin abin da ya gani. Sannan Kaura ya miƙe, ya gyara takobinsa, ya durƙusa a gaban Galadima.

"Babba, ƙashin gari, Allah ya ja zamaninka. Iya Magajiya, uwar gida, Allah ya ƙara miki girma. Manyan Kuryanga, ni ba mai iya magana ba ne, sana'ata daban. Na yi wa Sarki Hankurau yaƙi tun gemuna bai fito ba, ba wanda ya taɓa ganin bayana a fagen fama. Yau ina gaya muku, in muka tari Bulkwai a fili, za su cinye mu. In muka hau ganuwa muka rufe ƙofa, ba abin da za su iya. Kakanninmu da suka bar mana al'adar nan, su ne kuma suka gina mana ganuwar nan, ba don ado ba. Ba na cewa mutum ɗaya ya rufe. Cewa nake mu fita dukanmu, manya da ƙanana, kowa ya sa hannunsa a ƙyaure, mu tura tare. In gari duka ya taɓa, wa zai juya wa wa baya? Wannan ita ce maganata."

Soro ya yi tsit. Kai, maganar ta shiga! Ka duba fuskokin mutane ka san ta shiga. Galadima ya yi gyaran murya ya ce, "Mun ji Kaura. Wa yake da abin cewa?"

Kaura ya dubi Liman. Liman ya dubi Yerima. Yerima ya dubi Galadima, Galadima kuwa ya saci kallon Magajiya. Ita kuma ta sunkuyar da kai tana murza zoben hannunta.

Ni da nake ba ku labarin nan zan gaya muku abin da yake cikin kowannensu, don daga baya duk sun faɗa da bakinsu. Liman ya tuna an daɗe ana gulmarsa wai yana raina kayan kakanni, in ya fara magana sai a ce ai dama. Yerima ya tuna yana da ƙanne biyu masu son gadon nan, kuma masu zaɓen sarki suna zaune suna kallonsa, kada a ce tun bai hau ba ya tsare wa ubansa hanya. Galadima ya tuna sunansa, kada maroƙa su riƙa cewa a riƙon Cindo aka binne al'ada. Kowa yana so a rufe, kowa yana jira wani ya riga shi. Kuma kowa ya ɗauka shirun na kusa da shi shirun imani ne.

Can daga bakin ƙofa wani bafade, irin waɗanda ba su taɓa jin warin yaƙi ba sai na miya, ya ga shirun ya yi yawa, ya ɗauka ya gane inda iska ta nufa. Ya ɗaga murya ya ce, "Abin kaka da kakanni! Ba a kanmu za a fara ba!"

Shi ke nan, an sami na farko. Sai soro ya ɗauka, "Ba a kanmu ba! Ba a kanmu ba!"

Liman Yahuza ya shafa gemu ya ce, "To, lalle raba kan jama'a fitina ne, kuma abin da aka tarar ana yi, a bi shi a hankali." Yerima ya ce, "Ni ɗa ne. Ba zan zama mai rufe wa mahaifina hanya ba." Ko kunyar idon Kaura bai ji ba, tir!

Kaura ya ce, "Babba, ɗazu a zaurenka..."

Galadima ya katse shi da sauri. "Maganar zaure ta zaure ce, Kaura, nan fada ce. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Ƙofa tana nan yadda kakanni suka ce. Kai ne takobin Kuryanga, ka fita ka tare su a Fadamar Kanya, kada ƙafarsu ta iso. Allah ya ba ka sa'a."

"Ba a fafe gora ranar tafiya," in ji Kaura. "Amma na ji, na karɓa. Ku dai ku tuna da bakinku kuka aike mu."

Washegari da safe aka buga kuge, mayaƙa suka taru. Ungulaye sun jeru a kan ganuwa daidai saman Ƙofar Yamma, yara suna jifansu, sun ƙi tashi. Da makaɗi ya daki tambarin yaƙi, fatar ta tsage. Mata suka kama salati. Wani tsoho ya ce ai kurwar sarki ce take fushi don an yi zancen rufe mata hanya, wani kuma ya ce a'a, gargaɗi ne kada a fita. Kowa ya fassara yadda ya dace da tsoronsa, aka ɗauko wani tambarin aka fita.

A cikin rundunar akwai Ranau, ɗan farin Kaura, magidanci mai 'ya'ya biyu, shi yake jan 'yan garkuwa. Da suka isa fadama ya matso kusa da dokin ubansa ya ce, "Baba, in abin ya ɓaci, ni da mutanena za mu tsaya a baya, ku ja sauran ku shige." Kaura bai dube shi ba. Ɗan fari ne, ba a sakar masa fuska a gaban mutane, ba a ma kiran sunansa. Ya ce kawai, "Kai, koma wurinka."

Rana ta ɗaga kaɗan Bulkwai suka bayyana. Manzo bai yi ƙarya ba, fadama ta cika da su har gindin kanya. Kaura ya jera 'yan garkuwa a gaba, 'yan baka a bayansu, dawakai a gefe. Karon farko Kuryanga ta tsaya. Kibau suka yi ta sauka, dawakan Bulkwai suna zamewa a taɓo, mashi yana samun wanda ya samu. Karo na biyu ma ta tsaya, har Kaura ya kutsa da kansa ya sare mai riƙe da tutarsu. Amma duk wanda ya faɗi a Bulkwai, wasu suna bayansa. Wanda ya faɗi a Kuryanga kuwa gurbinsa sai ya zauna fili. Kafin rana ta take, ɓangaren hagu na rundunar Kuryanga ya karye, dawakan Bulkwai suka fara zagayowa ta baya.

Kaura ya sa aka busa ƙahon komawa. Ranau da mutanensa suka haɗa garkuwa suka tsaya a kan hanya kamar yadda ya faɗa, suna ja da baya taki taki, sauran suna kwarara cikin gari, masu rauni a kafaɗun masu lafiya. Mutanen ƙauyuka ma da suka gudo suna ta turmutsutsu da awaki da goyo.

Kaura ya tsaya a bakin ƙofa yana duban fili. 'Yan garkuwa suna raguwa. Dawakan Bulkwai sun rabu biyu, wasu sun kewaye su Ranau, wasu sun miƙo ƙofa a sukwane. Bayansa kuwa, cikin gari, titi ya cika da mata da yara da tsofaffi, ga Galadima da Yerima da Liman a tsaye cikin mutane, fuska ba jini.

Ya daka wa Sarkin Ƙofa tsawa, "Rufe!"

Sarkin Ƙofa da yaransa suka mai da hannuwansu baya. "Ranka ya daɗe, ina da 'ya'ya mata," in ji shi, yana kuka kamar yaro.

Kaura ya juya ga jama'a. "Mutuwa ce ga ta nan tafe! Ku kama mu tura!" Ba wanda ya motsa. Mutanen da suka ga mashi a fili ɗazu ba su gudu ba, yanzu ga su sun kasa ɗaga hannu su taɓa itace. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce tsoro na daji, kunya na gida, sai dai ranar nan kunyar ta fi tsoron ƙarfi.

Ya sake duban fili. Ya hango Ranau, garkuwarsa ta rabe, yana sara da hannu ɗaya. Da ya ji kira wataƙila da ya fasa ya ruga, akwai ɗan sarari ta gefen gwalalo, ramin da ya kewaye ganuwa. Kaura ya buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Kai! Kai wannan! Taho!" A cikin wannan hargowa kowa ma kai ne. Harshen da ya shekara da shekaru yana kauce wa sunan nan, ranar da ake bukata ya ƙi juyawa. Kaico, Barmo! Shi ma ɗan garin ne.

Ƙarar kofatai ta iso. Ya diro daga doki, ya jefar da takobi, ya dafa ƙyauren da hannu biyu, ya sa kafaɗa. Ƙyauren Ƙofar Yamma kuwa itacen kirya ne da aka lulluɓe da ƙarfe, ƙarti da yawa ke tura shi. Ya yi nishi, jijiyoyin wuyansa suka miƙe, ƙyaure ya ɗan motsa ya tsaya.

Sai ya ji hannu a gadon bayansa. Sai wani, sai wani. Mutanen Kuryanga suka yi dafifi suka tura, amma ba ƙyaure suke turawa ba, Kaura suke turawa. Na gaba ya dafa bayansa, na baya ya dafa bayan na gaba, har da masu rawani a ciki. Suka matse shi jikin ƙarfen nan har haƙarƙarinsa ya yi ƙara, kowa yana lura kada ko yatsansa ya goga itacen. Ƙyaure ya tafi, ya rufe garam. Kaura ya jawo gungumen sakata shi kaɗai ya zura, jini yana fita ta hancinsa. Ta tsagar ƙyaure ya ga lokacin da aka kai Ranau ƙasa.

Daga nan yaƙi ya juya. 'Yan baka suka hau badalar ganuwa suka yi ta zuba kibau a kan waɗanda suka taru a gindin ƙofa. Bulkwai ba tsani, ba abin fasa ƙyaure, sai zagaye suke suna ihu. Sarkinsu ya matso da kansa yana zagin mutanensa, wata kibiya mai dafi ta same shi a wuya. Kafin la'asar hadari ya haɗo, aka tsuge da ruwa. Da gari ya waye sansaninsu ba kowa sai tukwane da gawarwaki.

Me kuke tsammani Kuryanga ta fara yi? Kiɗa? Godiya? Ina! Tun ba a kwashe matattu daga fadama ba aka sa Kaura ya zare sakatar da hannunsa, tunda shi ya riga ya ɓaci, aka sake tura shi ya wangale ƙofa, don wata bai tsaya ba tukuna. Sannan aka buga tambari, majalisa ta zauna.

Galadima Cindo ya yi tambayar da al'ada ta ce a yi. "Sarkin Ƙofa, hannun wa ya taɓa ƙyaure?"

"Hannun Kaura Barmo, ranka ya daɗe."

"Shi da wa?"

"Shi kaɗai."

Kuma gaskiya ya faɗa, abin haushin ke nan. Ba wanda zai ce ya yi ƙarya.

Kaura ya miƙe da ƙyar, hannu a haƙarƙari. Wannan karon bai durƙusa ba. "Manyan Kuryanga, shatin hannuwanku yana nan a bayana, in kuna so in tuɓe riga ku gani. Ba na roƙon a bar mini sarauta, ku ɗauki abinku. Ɗana yana kwance a bakin gwalalo tun jiya, ruwa ya dake shi. Abu ɗaya nake nema. Mutum ɗaya a cikinku ya tashi ya ce, Barmo, sannu. Ɗaya tak. In ɗaya ya faɗa, na san sauran za su faɗa, don na ga cikinku."

Aka sake yin irin shirun nan. Yerima Arzika hawaye yana zuba masa, amma bakinsa a rufe, ga ƙannensa a zaune a gefe. Liman yana ta jan carbi da sauri. Kowa ya san matarsa da 'ya'yansa sun kwana a ɗakinsu ne saboda mutumin nan. Kowa kuma yana lissafin cewa in ya ce sannu, na kusa da shi ya yi shiru, to shi ma ya bi Barmo ke nan.

Galadima ya miƙe, ya juya fuskarsa ga bango. Liman ya bi. Yerima ya bi. Masu unguwanni, fadawa, har mayaƙan da ya fito da su daga fadama jiya, ɗaya bayan ɗaya, sai ƙeya.

Magajiya Shekara ce kaɗai ba ta juya ba tukuna, tsufa ya sa tashi yana yi mata wuya. Da Kaura ya zo wucewa ta gabanta, ta yi magana ƙasa ƙasa yadda shi kaɗai zai ji. "Barmo, ka bi gidan kowa, me ya hana ka zuwa nawa?"

Ya tsaya. "Iya, ai abin naki ne."

"Nawa? Tarar da shi na yi, kamar yadda ka tarar. Ni na wanke ƙanena, na san ba abin da ya rage a cikinsa da zai nemi ƙofa. Ranar nan ina zaune ina jira namiji ɗaya ya goyi bayanka in ce na yarda. Na ga duk sun zuba mini ido, na ɗauka so suke in tsare musu abinsu."

"To yanzu fa, Iya? Ga ni a gabanki."

Ta dube shi, ta dubi bayan mutanen da suka cika soro. Sannan ta ce, "Na tsufa, ɗana. Ina so a sami masu wanke ni." Ta dafa sandarta ta miƙe, ta juya ita ma.

Kafin ya isa gida barorinsa sun zame, matar Ranau ma danginta sun zo sun janye ta da yaran. Sai uwargidansa Kyauta, mahaifiyar Ranau, ita kaɗai a tsakar gida. Su biyu suka je bakin gwalalo. Ko'ina mutane ne suna ɗaukar nasu, kowace gawa da masu kama mata, ana yi wa juna ta'aziyya. In su Kaura suka doso, sai hanya ta buɗe, kowa ya sami abin kallo a wani gefen. Shi ya wanke ɗansa, shi ya suturta shi, shi ya tsaya ya yi masa salla ba kowa a bayansa. Ya ɗaure dagin haƙa rami a jikin makara. Ya kama gaba, Kyauta ta kama baya, macen da ba ta taɓa taka maƙabarta ba. Suna tafe suna ajiyewa, don haƙarƙarinsa ba ya barinsa ya yi nisa.

Da suka isa inda kaburburan gidansu suke, sai suka tarar da kabari sabo an haƙa. An gyara shi tsaf, an sassare itacen rufi an jera, ga tulu cike da ruwan kwaɓa ƙasa. A jiƙaƙƙiyar ƙasar wurin sawaye ne rututu, na masu takalmi da na marasa takalmi. Ba kowa a wurin. Sai can nesa, a bayan kukoki, ana hango riguna, mutane a tsaye sun ba da baya.

Kyauta ta sauke makara ta fashe da kuka. "Alhamdu lillahi. Maigida, ka gani, ashe ba su manta ba. Ashe suna sonmu."

Kaura ya daɗe yana duban ramin. Sannan ya ɗaga murya yadda na bayan kukoki za su ji.

"Ranau," ya ce, karo na farko a rayuwarsa, "Ranau ya mutu da rana tsaka, a gaban idon kowa. Ba zan sa shi a ramin da aka haƙa a ɓoye ba."

Ya sa ƙafa ya tura ƙasar ta koma cikin ramin, ya bi da hannu har ya cike shi. Ya kwance daginsa, ya matsa gefe, ya durƙusa ya fara haƙa. In ya kai sara sai ya tsaya ya dafe haƙarƙari, Kyauta tana kwashe ƙasa da ƙwarya. Na bayan kukoki suna jin ƙarar dagin, ɗaya bayan ɗaya, har rana ta karkata. Ba wanda ya tafi gida, ba kuma wanda ya juyo.